Ganyen da Ke Ƙasan Adudu

Yanzu idan gari ya waye a fadamarmu, ƙarar injin ban ruwa ce take fara shiga kunne. Na wannan ya tashi, na maƙwabcinsa ya amsa, hayaƙi ya kwanta a kan albasa har rana ta ɗaga. Ba zan zagi injin ba. Da shi muka ci muka sha, da shi na aurar da 'ya'yana, da shi na sauke farali. Sai dai ni na san wurin nan tun yana kurmi, kuma duk wanda ya san shi a lokacin, in ya tsaya a bakin fangalin albasa yau rana tana dukan ƙeyarsa, dole wani abu ya motsa masa a ƙirji. Idan na ce wa jikokina a daidai inda suke juya babur akwai lokacin da mutum ba ya ganin rana da azahar, sai su dubi juna su yi murmushi, irin wanda ake yi wa tsoho idan ana ganin ya fara haɗa mafarki da gaskiya.

Kurmin ba shi da girma sosai, amma yana da duhu. Giyayya da kanya da ɗinya da ɓaure sun haɗa kai a sama, ƙasa kuma baƙa ce mai laushi, ƙafa tana nutsewa cikin ruɓaɓɓen ganye. Ruwa yana tsattsafowa daga ƙarƙashin saiwar wata tsohuwar giyayya, ya bi ta cikin duwatsu ya zama 'yar ƙorama. Kafin ka ga ruwan za ka ji shi. Kurciya tana kuka a sama, birai suna cin kanya suna jefo maka ƙwallon, matan Fulani masu kai nono kasuwa suna sauke ƙorai su wanke ƙafa su huta. A gefen kurmin, inda itatuwa suka fara raguwa, Baba ya sa aka haƙa rijiya saboda mahaifiyarmu, don kada ta riƙa shiga laka da tulu a ka. Kowa rijiyar Inna yake ce mata. Aikina kullum da hantsi shi ne in bi Inna da guga da igiya, yayata kuma ta ɗauki kayan wanki. Mu biyu Allah ya bar wa Inna, Yaya babba, ni ƙarami, kuma har yau da furfurata Auta take ce mani.

A bakin ƙoramar nan, a jikin duwatsu da gindin itatuwa inda rana ba ta kaiwa, akwai wani tsiro da ban taɓa ganin irinsa a gona ko a fili ba. Ba ya fure, ba ya 'ya'ya, akuya ma ba ta damu da shi ba. Ganyensa dogo ne, a tsattsage gefe da gefe kamar haƙoran matsefi, shi ya sa mutanen wajenmu suke ce masa matsefin kurmi. Idan sabo zai fito, a nannaɗe yake fitowa kamar wutsiyar hawainiya, sai ya yi kwanaki yana warwarewa a hankali. Ina yaro nakan sa yatsa in buɗe shi da ƙarfi, Inna ta buge mani hannu ta ce in bar shi, shi ya san ranar da zai buɗe.

Matan ƙauyukanmu suna da wata al'ada a kansa. Idan an sa ranar auren yarinya, uwarta ko babbar mace a dangi takan shiga kurmi ta yanko ganyen, ta shimfiɗa shi tsakanin faifai biyu, ta ɗora dutsen niƙa a kai har ya bushe a miƙe. Ranar jere sai a sa shi can ƙasan adudu, a jera zannuwan amarya a kansa. Wasu sun ce yana korar asu daga tufafi. Inna ba ta gardama da masu faɗin haka, amma ita cewa take yi yarinya za ta garin da ko itace bai san ta ba, gara ta tafi da ganyen da ya ga tasowarta. Sharaɗin ɗaya ne, daga kurmin garin uban yarinya za a yanko, ba a aron na wani gari. Ina tsaye ranar da Inna ta yanko na Yaya. Ta daɗe tana zaɓe, tana juya kowane ganye tana duba bayansa, sannan ta sa wuƙa. Aka kai Yaya Liba, can ƙasar Maiyama, adudunta a kan jaki, ina biye ina kuka har aka koro ni daga bakin gari.

Abin da ya sami kurmin ba ɓoyayye ba ne. Duk tsarana sun sani, kuma sun san hannun wa ya fi yawa a ciki. Bayan Baba da Inna sun rasu, albasa ta yi daraja, manyan motoci suka fara shigowa Aliero suna lodi. Ina da ƙarfi a lokacin, ga mata ga ƙananan yara, na dubi baƙar ƙasar nan ban ga komai ba sai albasa. Ni na fara sa gatari, maƙwabta suka biyo. Cikin 'yan shekaru aka kwantar da manyan itatuwa, masu gawayi suka kwashe. Albasa kuwa ta yi, kowace kamar dunƙulen hannu. Abin da ya rage sai kututture nan da can, da 'yar inuwar gaɓar ƙorama inda matsefin kurmi ya maƙale yana ta fama.

Sai wata shekara ciwo ya faɗa wa albasa. Ganye ya riƙa yin ɗige-ɗige masu ruwan ƙasa, ya ƙone daga sama ya kwanta. Muka zuba toka, muka yi addu'a, abin yana ci. Ran nan na sauka gaɓar ƙorama zan ɗebi ruwa, na juya ganyen matsefi haka kawai, sai ga ɗige-ɗige masu ruwan ƙasa jere a bayansa, layi-layi. Na murza da yatsa, wani gari kamar tsatsa ya manne mani. Na ce yau na kama ɓarawo. Na kira maƙwabta na nuna musu, kowa ya gyaɗa kai, domin duk mai noman albasa ya san launin nan kuma yana tsoronsa. Muka tara karan dawa muka rufe gaɓar tun daga kututturen giyayya har ƙarshe, muka cinna wuta.

Ranar ce Yaya ta zo ganin gida. Ta hango hayaƙi tun daga hanya, ta biyo ta fadama da goyo a baya. Ta tsaya tana kallon wutar, ta daɗe, sannan ta ce, "Auta, mi ganyen ga ya ci maka?" Na ba ta amsa da irin bakin da ƙuruciya take ba mutum idan gonarsa ta fara yi. Na ce da ita mata ba su san albasa ba, ta wuce gida a dama mata fura. Ta gyara goyonta ta wuce. Ba ta yanke zumunci ba, suna da biki da rasuwa duk tana zuwa. Amma daga ranar ba ta ƙara bi ta fadama ba, takan zagaya ta babbar hanya ko da rana ta take, kuma duk buhun albasar da na aika mata Liba sai in ji ta raba wa maƙwabta ba ta ɗauki ko ɗaya ba. Ciwon albasa bai fasa ba, ya ci abin da zai ci ya tafi don kansa. Ƙorama ta riƙa ja da baya har ta ƙafe, muka koma burtsatse da inji. Rijiyar Inna na rufe bakinta da itace da ƙaya don kada yaro ko dabba ta faɗa, na manta da ita.

Wadda ta tono maganar bayan duk shekarun nan jikata ce, 'yar babban ɗana, wadda ta yi karatun tsirrai a jami'a. Tun tana ƙarama nake ce mata matata, ita kuma ta ce ba ta son tsoho mai warin albasa. Idan ta zo hutu takan zo da wasu katakai biyu da tsofaffin jaridu da igiya. Ta shiga gonaki da bakin gulbi ta tsinko ganyaye da ciyayi, ta shimfiɗa kowanne tsakanin jaridu, ta matse da katako ta ɗaure. Ranar da na fara ganin tana yi sai da na nemi wuri na zauna, don hannun Inna na gani, da faifai da dutsen niƙa. Ta ce mani a makarantarsu akwai ɗaki guda da ba a ajiye komai a ciki sai busassun tsirrai, kowanne an manna shi a kan takarda mai kauri an rubuta inda aka same shi. Amfanin abin, in ji ta, ko tsiro ya ɓace daga wuri, takardar tana nan tana ba da shaida cewa ya taɓa zama a can.

Sai ta buɗe waya ta nuna mani hoton wata irin takardar, tsohuwa, ta yi ja don daɗewa. Ban bari ta gama bayani ba na ce matsefin kurmi ne. Ta ce wanda ya tsinko shi bai rubuta komai ba sai cewa a wani kurmi ne tsakanin Jega da Maiyama, kuma ita da abokan karatunta sun bi ƙasar nan ba su ga ko tushe ɗaya ba, har wasu sun fara tunanin ko kuskure aka yi wajen rubutun. Na ce babu kuskure, kuma in shaidu take nema, suna nan kwance a ƙasan adudun tsofaffin mata.

A damanar nan aka sa ranar aurenta da wani abokin karatunta da ta kawo da kanta. Na ce a gaya wa yaron ya ƙwace mani mata, in yana son zaman lafiya ya zo da goro. Kakarta, uwar 'ya'yana, ta riga mu gidan gaskiya, don haka babbar mace da ta rage a dangi Yaya ce. Aka aika mata Liba. Ɗan aiken ya dawo ya faɗi saƙo a gaban kowa: ta yi murna, ita za ta yi jere da hannunta, amma a gaya wa Auta tana son ganyen ƙasan adudu, daga kurmin Inna. 'Yan gida suka yi dariya, uwar amarya ta ce yanzu akwatuna ake yi, wa ya san adudu. Ni ban yi dariya ba. 'Ya'yana mata duk an kai su gidan miji babu ganye, Yaya ba ta taɓa cewa uffan ba. Yanzu da idonta ya yi rauni, ƙafarta ta yi nauyi, ta buɗe baki ta nemi abu ɗaya a wurina. Na san in na kasa, za ta zo ta yi biki ta koma ta babbar hanya, kuma a haka ɗayanmu zai binne ɗaya.

Muka shiga mota ni da jikata muka tafi Liba, tana rungume da katakanta. Yaya ta shafa fuskar yarinyar ta sa mata albarka, ni kuma ta tambaye ni hanya da mutanen gida kamar baƙon da aka saba gani. Da ta ji abin da jikata take nema, sai ta aika aka kira mata tsaranta na unguwa, waɗanda aka auro daga wasu garuruwa. Suka zo suna dogara sanda, kowace an ɗauko mata adudunta. Aka shimfiɗa tabarmi a inuwar dogon yaro. Kowace ta kwashe zannuwan da ta daɗe da barin ɗaurawa, ta kai ƙasa, ta fito da ganye. Wani ya karye, wani asu ya ci gefensa duk da abin da ake faɗa, wani yana nan cif kamar jiya aka ɗauke masa dutse. Jikata tana karɓa da hannu biyu, tana tambayar kowace inda aka yanko.

Wata ta ce bayan Karaye, wajen wani tafki mai ɓaure. Wata ta ce gabas da Jiga Birni, inda suke jiƙa rama suna 'yan mata. Wata Bafulatana ta faɗi wani kwari da suke sauka da shanu da rani, ta ce uwarta wurin Hausawa ta koyi abin kuma ta fi su iya zaɓe, aka taso mata da tsiya. Suna faɗa suna gardama a kan ƙoramar wa ta fi sanyi, suna dariya har da share hawaye. Ni ina gefe ina bin kowane wuri a zuciyata, don duk na san su. Tafkin mai ɓaure shinkafa ce yanzu. Wurin jiƙa rama an yi gidan mai. Kwarin Fulani albasa ce tun daga wannan baki har wancan. Ba ni kaɗai na riƙe gatari a ƙasar nan ba, amma sanin haka bai sanyaya mani rai ba.

Yaya ce ta buɗe nata a ƙarshe. Ganye guda ne, dogo, bai karye ba. Jikata ta juya shi, ta ɗauko wani ɗan gilashi mai ƙara girman abu ta kara a ido. Bayan ganyen cike yake da ɗige-ɗigen nan. Na ce mata ta yi hankali wannan mai ciwo ne, kuma na yi mamakin yadda Inna da zaɓenta ta ɗauko mai ciwo.

Ta ɗago ta dube ni. "Wane ciwo, tsoho?"

"Ciwon albasa. Ga shi nan kina gani."

"Wannan ai irinsa ne. Tunda ba ya fure ba ya 'ya'ya, da garin nan yake haihuwa. Iska ta ɗauka ta kai wuri mai laima, ya tsiro. Ba ruwansa da albasa ko kaɗan."

Ba ta san labarin wutar ba, don haka ta koma kan aikinta tana murna ta sami mai iri. Tsofaffin kuwa sun sani. Na dubi yatsan da na murza garin da shi. Wato ranar da na tara kara, tsiron da cikinsa yake, yana shirin watsa abin da zai maye gurbin wanda gatari ya kashe. Yaya ba ta dube ni ba. Ta ce, kamar da tabarma take magana, Inna kullum mai ɗige take zaɓa, wai don yarinya ta tafi da albarkar haihuwa, ita ma ba ta san dalili ba sai yau.

Na ce, "Yaya, ganyen da kika ce a kawo babu shi. Ni na ƙone shi."

"Na sani, ina wurin." Ta juya wajen jikata. "Ke ɗiyar ga, kin ce iska ka ɗaukar shi ta kai wuri mai laima?" Jikata ta ce e, laima da inuwa. Sai Yaya ta ce, "Auta, rijiyar Inna, ka cike ta?"

Na ce ban cike ba, na dai rufe. Na ji kunyar ƙarasawa, don 'ya'yana sun daɗe suna so a cike ta a ƙara fangali, kuma na riga na ce musu su bari sai bayan biki.

Washegari Yaya ta ce a samo mota. 'Ya'yanta suka ce ƙafarta ba za ta iya ba, ta ce ba shawara ta nema ba. Muka iso da hantsi, ƙarshen damina, ana gyaran fangali ana renon irin albasa. Inda mota ta sauke mu hanya ta rabu biyu, babba mai zagayawa gari da ƙarama mai shiga fadama. Yaya ta tsaya a mararrabar, ta miƙo mani hannu. Na riƙe, muka gangara. Tana tafe tana tambaya ina giyayya take, ina dutsen wanki, ina wurin da Fulani suke sauke ƙorai, ni kuma ina nuna mata fili.

Da muka kai bakin rijiyar sai muka janye ƙaya, muka ɗage itacen da gara ta cinye rabinsa. Wani sanyi ya taso daga ciki ya bugi fuskata, da ƙanshin laka da ruɓaɓɓen ganye, ƙanshin da na yi zaton ya bar duniya. Jikata ta kwanta rub da ciki ta leƙa. Sai ta ce in zo in gani. Ƙasa da baki kaɗan, a tsagar ginin rijiyar ta gefen da rana ba ta kaiwa, ga shi nan kore shar. Tushe ɗaya ne, ganyensa ba su kai yatsun hannu yawa ba.

Idon Yaya ba ya kaiwa can. Ta durƙusa da ƙyar, na kama hannunta na zura har yatsunta suka taɓa. Ta bi haƙoran ganyen ɗaya bayan ɗaya, ta shafa bayansa. Na ciro wuƙa na sa mata a ɗaya hannun, na ce ga ganye daga kurmin Inna, ta yanka. Jikata ta buɗe baki za ta yi magana ta fasa. Daga baya ta gaya mani a aikinsu ba a tsinkar abin da ya rage kaɗan, amma ba za ta iya hana Yaya ba.

Yaya ta mayar mani da wuƙar. "Kai ka ƙone na fari, so kake ni in yanke na ƙarshe? Mai da abinka aljihu."

"To jeren fa, Yaya?"

"Nawa daga ina ya fito? Ba daga nan ba? Inna ta yanke shi da hannunta, shi za a sa ma yarinya." Ta juya wajen jikata. "Ke kuma ɗauki hoton wanga ki kai ma masu ɗakin ganye, ki ce su rubuta wurin da kyau wannan karo. Kurmin Inna, ba gonar Auta ba." Na taimaka mata ta miƙe, ta karkaɗe zane, sannan ta ƙara da murya ƙasa-ƙasa, don ni kaɗai, "Aduduna zai koma wofi. In ya yi yawa ina da rai, ka kawo mani guda. Mai ɗige."

An yi biki lafiya. Ganyen Inna ya tafi gidan miji a ƙasan akwati, tsakanin faifai biyu, uwar amarya da ta yi dariya ita ta riƙe murfin. Ranar walima na ga an kai wa Yaya tuwo da miyar da aka yanka albasata a ciki, ta ci ba ta tambaya ba.

Rijiyar ba a cike ta ba. Na janye fangali daga kewayenta, na yi mata shinge, na nemo 'ya'yan giyayya da kanya daga bakin gulbi na dasa. 'Ya'yana sun yi gunaguni sun gaji, maƙwabta suna cewa Alhaji ya bar albasa ya koma noman ciyawa. Na san ba zan zauna a inuwar itatuwan nan ba, har yanzu ba su kai gwiwata ba. Kullum da hantsi nakan je da guga da igiya kamar yadda nake bin Inna, in ba su ruwa, in kwanta rub da ciki in leƙa, injuna suna ta ƙara a bayana. Shekaranjiya na ga sabo ya ɓullo a gefen tushen, a nannaɗe kamar wutsiyar hawainiya. Na sa aka kira mani Liba a waya na gaya mata, na ce ina ganin wannan nata ne. Ta tambaya ko ya warware, na ce tukuna.

"To bar shi, Auta," in ji ta. "Kada ka sa mashi yatsa."